Makubar Kakata

A shekarata ta ƙarshe ta karatun zane a Zariya, na dawo gida Birnin Gwari da ƙyallen zane guda huɗu ɗaure a saman mota, kowanne an miƙe shi a jikin katako, farare fat, ko ɗigon fenti babu. Direban ya tambaye ni ko allon talla ne, na ce masa eh, don ba ni da ƙarfin yin bayani. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, kuma duk cikin motar babu mai son a tsaya a hanya ko da na minti ɗaya.

Abin da ya koro ni gida shi ne malamin da ke duba aikina na kammalawa. Mutum ne mai magana a hankali, irin maganar da gara a zage ka. Na zana dajinmu har kala shida, ya zo ya tsaya a gabansu, hannu a baya, ya ce fenti ya zauna, layi ya tafi daidai, amma wanda ya yi wannan aikin bai taɓa shiga daji ba. Ni da aka binne cibiyata a bakin dajin! Raina ya ɓaci ƙwarai, sai dai na san inda ya dosa. Daga hotunan waya nake kwafa, domin rabona da sa ƙafa a dajin tun ina sakandare, tun kafin masu bindiga su mai da shi gidansu.

Mako shida ya ba ni. Ko in kawo sabon aiki a rataye shi ranar baje koli tare da na 'yan ajinmu, ko in maimaita shekara. Maimaitawa kuwa babu ita a gidanmu. Tun farko babana bai so wannan karatun ba, da ƙyar kawuna ya shawo kansa, sai baban nawa ya ce shekara huɗu ya ba ni, ko kwana ɗaya ba ƙari. In ban gama ba, ga rumfarsa ta hatsi a kasuwa, akwai buhunan da ke jiran mai ɗinke musu baki. Babana ba ya magana biyu, kuma ni ma na san haka.

'Yan ajinmu kowa da shawararsa, amma duk wuri ɗaya suka nufa. Wai ni ɗan Birnin Gwari ne, me zai hana in zana bindigogi da hayaƙi da mata suna gudu, ai aikin da kansa zai yi magana. Na gwada, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ina fama da wani gari yana ci da wuta, daga baya na kankare shi da wuƙa. Ban taɓa ganin irin wannan ranar da idona ba, kuma kunya ta kama ni in ɗauki ranar baƙin cikin mutane in kai ta neman maki.

A gida aka ba ni ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure. Na jingina ƙyallayen da bango, na jera buroshi, na matsa fenti, na zauna. Kullum haka. In ja layi ɗaya, in ja da baya in kalle shi, in ga bai yi ba, in goge. Kafin azahar na goge abin da na yi da safe, kafin la'asar na goge gugar ma. Mako biyu suka wuce a haka, ba abin da na tara sai tsumma mai warin kananzir da ciwon kai. Babana in ya dawo daga kasuwa sai ya leƙo, ya dubi farin ƙyalle, ya dube ni, ya ce sannu da aiki, ya wuce.

A lokacin kakata ta wajen uwa tana zaune tare da mu. Bagwariya ce, ko da yake ita ta fi son a ce Gbagyi, kuma maginiyar tukwane ce tun tana budurwa. Ƙauyensu yana can wajen Kakangi, a gefen daji, masu bindigar nan sun watsa shi shekaru biyu kafin wannan lokacin. Mahaifiyata har yau in ta tuna yadda Kaka ta iso sai ta girgiza kai. Mutane sun fito da tufafi da hatsi da awaki, ita kuwa ta iso da buhu ɗaya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Da aka kwance buhun, ba komai a ciki sai busasshen ɓawon ɗorawa da wani ɗan dutse mai santsi da take goge tukwane da shi.

Ni da Kaka ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Mijinta take kirana, kamar yadda kakanni ke yi, sai dai ni mijin banza ne da ba ya kawo cefane. Ni kuma in ce na sake ta tun bara, takardar ce ba ta iya karantawa ba. Da ta ga ƙyallayen nan farare, sai ta samu abin yi. Kullum da safe za ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kai, wannan zanen ya yi kyau, hazo ne ko garin rogo? In ce mata ta je ta ji da tukwanenta masu karkataccen baki.

Bakinsu bai karkace ba, ƙarya nake. A bayan gida take aikinta, da yumɓun da ake kawo mata daga bakin rafi, kullum tana kushe shi wai ba shi da jiki kamar na gida. Ba ta da abin juyawa irin na makarantarmu. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya a kan wani tsohon turmi da aka kife, Kaka ce ke zagaya ta da baya da baya, a sunkuye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Tsohuwar da ke kukan gwiwa in za ta tashi daga tabarma, in ta fara zagayen nan sai ka rasa inda ciwon ya tafi. Ina ganinta ta taga, amma ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba, don a ganina ni ne mai zane a gidan.

Ranar da na yi ɓarnar, na tashi da niyya. Na shafa kore da shuɗi a rabin ƙyalle, na yi awa uku a kai, na ja da baya na duba, sai na gan shi kamar labulen shagon aski. Haushi ya turnuƙe ni. Na kwashi buroshina duka na tsoma su a kananzir, na fita bayan gida neman ruwan ɗauraya. A gindin katanga na ga wani babban kasko cike da ruwa, ja-ja baƙi-baƙi, da kumfa a sama da ɗan wari. Na ɗauka ruwan wanke-wanke ne da aka manta ba a zubar ba, har da yin tsaki a kan ƙazantar mutanen gidan. Na zuba buroshin a ciki na cuɗa su sosai, na juye sauran kananzirin a kai, na koma ɗaki.

Ban ji ihu ba. Da ihu aka yi da ya fi mini sauƙi. Mahaifiyata ce ta zo ta ce in fito, da na fito na tarar da Kaka a tsugune gaban kaskon. Mai ya kwanta a saman ruwan, kore da shuɗi suna yawo a kai. Ta sa yatsa ta taɓa, ta kai hanci, ta goge a zaninta. Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗakinta ba ta dube ni ba.

Mahaifiyata ce ta yi mini bayani, da muryar da ba ta taɓa yi mini magana da ita ba. Makuba ce. Ɓawon ɗorawa ake dakawa a dafa a jiƙa kwana da kwanaki, in an ciro tukunya daga wuta da zafinta a watsa mata, shi ke sa ta yi ƙarfi ta yi wannan baƙin sheƙin. Na san makuba, wane ɗan ƙasar nan ne bai san ta ba, da ita ake daɓe a gidajen da. Amma shekara huɗu ina koyon sunayen fenti na kwalba, har na kasa gane ta a kasko. Kuma wannan ba ta kasuwa ba ce. Daga ɗorawar da ke bakin gonar Kaka ta fito, cikin buhun nan da ta ɗauko a kafaɗa. Kaɗan-kaɗan take ɗiba shekara biyu, wannan ne jiƙo na ƙarshe, ga tukwane goma sha biyu sun bushe suna jiran wuta.

Kwana biyu Kaka ba ta tsokane ni ba. In na gaishe ta sai ta amsa da lafiya lau, kamar baƙo. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Wallahi ban taɓa jin kalmar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba komai ɗin ba.

Allah ya taimake ni lokacin ɗorawa ne. Na bi matan da ke sayar da kalwa a kasuwa ina tambayar ɓawo, suna ta yi mini dariya, wai ɗan boko zai yi daɓe. Wata ta ce in je Tsohon Birnin Gwari wurin yayarta. Na hau babur na je, na dawo da buhu guda da ƙura har cikin kunne. Kaka ta buɗe, ta ɗebo, ta karya ɗaya ta shinshina. Ta ce ta ƙasar yashi ce, ba za ta kama kamar tata ba, amma za ta yi. Sannan ta nuna mini turmi da taɓarya ta ce tunda ni na zubar, ni zan daka.

Na daka, hannuna ya yi kanta. Na dafa, na jiƙa, na tace da wani yankin ƙyallen zanena da na yage, tunda ba shi da wani amfani. Duk wannan kwanaki suna tafiya, saura mako uku da 'yan kwanaki, ni kuwa ko ɗakin zanen na daina shiga. A raina na riga na fara lissafin yadda zan saba da allurar ɗinkin buhu.

Da sassafe aka yi gashin tukwanen, kafin iska ta tashi, a wani fili bayan unguwa. Kaka ta jera tukwanen a kan itace, baki a ƙasa, aka lulluɓe su da ɓawon itace da busasshiyar ciyawa, ta sa wuta. Da wutar ta faɗa, ta ɗauki doguwar sanda ta fara zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙo mini damin ganye da ta ɗaure kamar tsintsiya, ta ce kafaɗarta ba ta ɗaguwa yanzu, ni zan watsa.

Ta mirgino ta farko gabana, zafinta yana dukan ƙafata. Na tsoma ganyen a makuba, na ɗaga, na tsaya. Ina duba ta ina zan fara, ta wuya ko ta ciki, ko in bi ta gefe don layin ya sauko daidai. Halin nawa dai.

"Me kake kallo?" in ji Kaka. "Tana hucewa. In ta huce ba za ta karɓa ba. Buga!"

Na buga. Tukunyar ta yi cuuu, tururi ya tashi da ƙamshi mai ɗaci-ɗaci, ruwan ya gangara ya ƙone a jikinta nan take, baƙi a wani wuri, ja a wani wuri. Na ga inda ya tafi ba yadda nake so ba, na kai hannu zan gyara, ta doke mini ganyen da sandarta. Ta ce abin da ya sauka ya sauka, ba a komawa, ga wata nan tafe. Haka muka yi har goma sha biyu, ba ta ba ni sararin yin tunani ko sau ɗaya ba. Da muka gama na zauna a ƙasa, rigata ta jiƙe sharkaf, na dubi tukwanen a jere. Babu biyu da suka yi kama, kuma rabona da in yi abu da hannuna in kalle shi ban ji kunya ba, na manta.

A hanyar gida ta ce ashe mijin nata yana da ɗan amfani. Daɗin da na ji, ko sakamakon jarrabawa bai taɓa ba ni irinsa ba.

Ƙyallen da na yi tata da shi yana rataye a igiya. Mahaifiyata ta wanke shi da sabulu har sau biyu, launin ya ƙi fita. Inda ya faɗi a taɓon bakin rijiya kuwa ya koma baƙi ƙirin. Na kai wa Kaka da ɗokina kamar na gano wani abu, ta ce to sai me, ai uwarta da baƙin taɓo da makuba take rina zare. Ranar na ciro ƙusoshi, na ɓalle ƙyallayen daga katakonsu, na kife su ta bayan da ba a shafa wa komai ba, na shimfiɗa ɗaya a ƙasa a bayan gida. Na ajiye makuba a kasko, jar ƙasa a wani, taɓo a wani, toka a wani. Buroshi ban ko ɗauko su ba, na ɗaura damin ganye irin nata.

Sai kuma tsohuwar matsalar ta dawo, me zan zana. Ina tsaye Kaka ta jawo kujerarta ta zauna, ta tambaye ni ko ina tuna hanyar gonarta. Na ce sama-sama. Ta ce sama-sama ba hanya ba ce, ta fara faɗa mini. In ka fito daga ƙauye ta bayan rumbuna, sai ka bi ta tsakanin duwatsu biyu, na hagu ya fi tsawo. Sai gangare, sai rafin da ke ƙafewa da rani ya bar farin yashi. A hayin rafin akwai rugar wata Bafulatana ƙawarta, wadda ke kawo mata nono ta karɓi tukunya, su ma sun tashi tun kafin mutanen ƙauye, an kore musu shanu. Tana faɗa ina zagaya ƙyallen a sunkuye, da baya da baya, ina bugawa. Rana tana busar da makubar kafin in yi shawara ta biyu, don haka ko na so gogewa babu hali.

Gyara kuwa na sha shi. Dutsen nan ya yi kusa da hanya. Rafin ba haka ya karya ba. Wa ya ce maka akwai giginya a wurin? In na ce Kaka wannan zane ne, ba taswira ba, sai ta ce to zana ƙarya ka kai wa malaminka, ita dai ba za ta bi wannan hanyar ta ɓata ba. Wanda ya lalace mu ajiye shi gefe, in sayo wani ƙyallen a wurin masu yadi. Cikin mako biyu na yi bakwai, daga bayan rumbuna har zuwa bakin gona. Babana ya leƙo wata rana da yamma, ya daɗe a tsaye, sannan ya nuna wani wuri ya ce a nan babur ɗinsa ya taɓa maƙalewa lokacin da yake neman auren mahaifiyata. Bai ce sannu da aiki ba ranar.

Saura na takwas, gonar kanta da ɗorawar. Na shimfiɗa ƙyallen, na kawo kaskona, Kaka ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wani ƙullin tsumma da bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Ta kwance a gabana. Ɓawon ɗorawa ne, ya yi baƙi don tsufa. Ta ce daga gindin buhun nan ta ware shi tun ranar da ta iso, ko mahaifiyata ba ta sani ba. Ta ajiye shi ne don tukunyar farko da za ta gasa ranar da aka koma gida.

Na ce a'a, ta mayar, ta kasuwa ta ishe ni, ai za a koma in Allah ya so. Ta dube ni yadda take duban tukunyar da ta san ta tsage tun kafin a ƙwanƙwasa.

"Ku za ku koma, in Allah ya yarda," ta ce. "Ni gwiwata ba za ta kai ni rafin nan ba ko an buɗe hanya gobe. Daka. Ka zana ɗorawar da ruwanta."

Na daka shi ina kawar da fuska don kada ta gani. Abin da ya fito bai cika ƙaramar ƙwarya ba, amma ya fi na kasuwa duhu nesa ba kusa ba, gaskiyarta. Bugu nawa zai yi? Na san ba zai wuce goma ba, kuma babu wani a duniya. Da a watan jiya ne, da na tsaya a kansa har ya bushe a ƙwaryar. Na tsoma ganye, na zagaya, na buga. Haka na yi ta yi har na gama.

Na koma Zariya da su a naɗe a ƙarƙashin hammata, saura kwana biyu. Malamin ya sa na shimfiɗa su a ƙasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya kamar kullum. A gaban na takwas ya durƙusa, ya kai hancinsa kusa da ƙyallen, ya tambaye ni da me na yi. Na gaya masa. Ya tambayi wa ya koya mini, na gaya masa wannan ma. Ya ce in je in nemo katako, bangon da ke kallon ƙofa a ɗakin baje kolin ni aka ba. Na gama a shekara huɗun da babana ya yanka mini, ba ƙarin kwana ɗaya.

Bayan baje kolin, bakwai sun tafi inda suka tafi, na takwas na dawo da shi gida. Na kafa ƙusa a ɗakin Kaka na rataye shi daidai inda take gani daga gadonta. Na zaci za ta yaba, ko ta yi hawaye, ko dai wani abu. Ta tashi ta matso, ta daɗe tana kallo, ta sa tafin hannunta a gindin itacen. Sannan ta ce reshen nan na dama na saukar da shi da yawa, in ta taho da kaya a kafaɗa sai ya buge ta. Na ce to Kaka sai ki riƙa sunkuyawa. Ta ce haka za ta yi.